Ranar da Sa'idu Ya Miƙe Zai Yi Magana

Sa'idu manomin albasa ne a wani ƙauye na ƙasar Madekali, tafiyar hantsi zuwa Malanville in hanya ta bushe. Mutum ne mai ƙarfin aiki, gonarsa ta bakin fadama ba ta taɓa ba shi kunya ba, amma tun yana yaro yake fama da i'ina mai tsanani. Dendi suke yi a gida, Hausa a kasuwa, kuma duka biyun harshensa sarƙewa yake a cikinsu. In ya buɗe baki sai kalmar farko ta maƙale, jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya yi ja, har mai sauraro ya gaji ya ƙarasa masa. Da ya girma sai ya daina wahalar da mutane, ya koma gyaɗa kai da nuni da hannu.

Wanda yake masa magana a duniya shi ne Idrisu, ɗan kawunsa, wato taubashinsa. Tare suka yi kiwon awaki suna yara. Idrisu dillali ne a kasuwar Malanville, mai zaƙin baki, irin wanda in ya zauna a rumfar mai shayi ba a watsewa sai ya tashi. Shi yake sayar wa Sa'idu albasarsa, shi ya shige gaba lokacin neman auren Hadijatu, kuma ranar sunan 'yarsu Safi shi ya faɗa wa liman sunan, uban yana gefe yana murmushi.

Daminar da ta biyo bayan sauya wa ƙasa suna daga Dahome zuwa Benin, zazzaɓi ya kama Safi, tana da shekara huɗu. Idrisu ba ya nan, ya haye kogi zuwa Gaya ta Nijar da kaya. Rafin da ke tsakanin ƙauyen da babbar hanya ya kawo ruwa ya cinye mashigi, ba jaki ba keke. Suka yini suna jira ruwan ya janye, bai janye ba. Washegari Sa'idu ya ɗora yarinyar a wuya ya ratsa, ruwa har ƙirji, ya taka da ƙafa har Malanville.

A ɗakin shan magani layi ya yi tsawo. Da aka zo kansa, ma'aikacin ya taɓa goshin yarinyar ya ce, "Mi ya same ta? Tun yaushe?"

Sa'idu ya buɗe baki. Ba abin da ya fito sai "za, za, za". Ya sake gwadawa, gumi ya karyo masa. Ma'aikacin ya dubi jama'ar da ke jira, ya ce masa ya tsaya gefe har maganar ta zo, ya kira na baya. Sa'idu ya jingina da bango da 'yarsa a kafaɗa, jikinta kamar garwashi, mutane suna shiga suna fita. Sai da wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ji tausayinsa, ta riƙa tambayarsa yana gyaɗa kai, sannan ta shiga ta yi bayani aka yi wa Safi allura. Kashegari kafin azahar yarinyar ta rasu.

Ba wanda ya ɗora masa laifi. Kowa rafin ya zaga. Amma shi ya san tsawon lokacin da ya yi a jikin bangon nan, kuma bai san ko da ya yi magana da wuri da an samu sauyi ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki, ya sami Idrisu a ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin gonarsa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Ina so... in koyi magana."

Idrisu ya soma dariya, da ya ga fuskarsa sai ya haɗiye ta. "Magana kuma, taubashi? To ni mi na rage maka?"

Sa'idu ya girgiza kai. Da guntun kalmomi da hannu ya fahimtar da shi abin da ya ƙudura. Ba zai ɗauki abin gaba ɗaya ba. Zai sa wa kansa aiki guda, ba zai wuce shi ba sai ya zauna masa a baki, sannan ya ɗauki na gaba. Ƙarshen tafiyar kuwa, yana so wata rana ya miƙe a gaban taro ya faɗi abin da ke ransa, ba wanda ya ƙarasa masa. Abin da yake nema wurin Idrisu shi ne ya zama shaidarsa. Duk ranar kasuwa, a hanyar komawa gida, zai gaya masa inda ya ci nasara da inda ya faɗi, don in ba mai tambayarsa ya san zai yi sanyi.

"Ka-kada kowa shi ji," in ji shi.

Idrisu ya kama hannunsa. "Daga bakinka sai kunnena. Allah shi taimaka."

Da sallama ya fara. Duk wanda ya fara haɗuwa da shi da safe sai ya yi masa cikakkiyar sallama da baki, ko da mutumin zai wuce kafin ya gama. Makonnin farko mutane tsayawa suke suna kallonsa kamar wanda ya zare. A hankali ya gano cewa in ya saki numfashi tukuna, ya ja kalmar farko kamar mai shirin waƙa, sauran sukan biyo ta. A gona yake gwajin haka, inda ba kowa sai jakinsa. Sai ya tsaya a gaban jakin ya gaishe shi, ya tambaye shi gida da gajiya. Da yake lokacin kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, a bakin rediyo da ma'aikata, shi ma sai ya riƙa ce wa jakin kamarad. Ko Hadijatu bai gaya wa wannan ba, kunya yake ji. Idrisu kaɗai ya gaya wa, a hanyar dawowa daga kasuwa, Idrisu kuwa ya yi dariya har ya durƙusa a gefen hanya riƙe da ciki.

"Don Allah nuna mani yadda kake yi," in ji Idrisu yana share hawaye.

Sa'idu ya nuna masa, ya ja murya ya ce, "Kaaa-kamarad jaki, ina kwana." Shi ma ya fashe da dariya. Ita ce dariyarsa ta farko tun rasuwar Safi.

Daga sallama ya koma sayen gishiri da kananzir da kansa. Ba kullum yake dacewa ba. Wata rana a gaban mahauci kalmar nama ta ƙi fita, ya tsaya har mahaucin ya ɗaga tsoka ya ce wannan ko waccan, ya juya ya tafi hannu sake. Bayan wannan ya yi kusan wata guda ya koma nuni da hannu. Idrisu ne ya hana shi ajiye abin. Duk ranar kasuwa sai ya tare shi ya ce, "To, yau ina munka kwana?" In ya ce bai yi komai ba, sai Idrisu ya ce ba zai karɓi wannan ba, mako mai zuwa yana son labari. Sa'idu yakan koma gida yana gode wa Allah da ya ba shi ɗan'uwa irin wannan.

Da aka cire albasa, ya ɗauki aiki mafi nauyi da ya taɓa ɗauka. Wata 'yar kasuwa daga Kwatano ta tsaya a kan buhunansa, Idrisu ya matso zai soma, Sa'idu ya dafa kafaɗarsa. Shi ya faɗi farashi, matar ta taya, ya ce albarka, ta ƙara, ya sallama. Ya yi tuntuɓe a tsakiya, amma matar ba ta da Hausa sosai, ita ma jan maganar take, don haka ba ta ƙosa ba. 

"To, dillali ya rasa aiki ke nan," in ji Idrisu. Da dariya ya faɗa, amma ran nan bai yi hira da yawa a hanya ba.

Ba a daɗe ba aka yi shela cewa wani babban ma'aikaci zai zo daga Malanville ya saurari koken manoma, kuma a zaɓi wakilin da zai riƙa kai maganarsu gaba. Sa'idu ba ya son wakilci. Abin da ya gani shi ne taron da ya daɗe yana shiri dominsa ya zo, kuma yana da abin faɗi. Zai yi magana a kan mashigin rafin. Zai ce mutanen ƙauye za su kawo dutse da yashi da ƙarfinsu, hukuma ta kawo siminti da magini, a yi 'yar gada kafin wata damina. Kuma zai faɗi abin da ya sami Safi, don kada a ɗauka maganar albasa ce kawai.

Ya tsara maganar a kansa, ya yi ta maimaita wa jaki har ta zauna. Sannan ya riƙa kiran Idrisu ƙarƙashin tsamiya, ya zaunar da shi a matsayin babban baƙo, ya miƙe ya faɗa masa daga farko har ƙarshe. Wurin labarin Safi ne muryarsa take yankewa. Idrisu yakan ce ya sake. Ya sake har ya iya wucewa ta wurin ba tare da ya tsaya ba.

"Ta yi," in ji Idrisu ana gobe taro. "Amma kada ka yi gaugawa. Bari manya su gama tukuna. In ka ga na taɓa hulata, sai ka miƙe."

Da safe Hadijatu ta fito masa da farar rigarsa da ta wanke ta ninke. Ta san zai yi magana, ya gaya mata wannan kaɗai. Ta ce, "Baban Safi, ina bayan zana tare da mata. Zan ji ka."

A filin lakwal, wato makarantar boko, aka yi taron, ƙarƙashin bishiyoyin dalbejiya. Babban ma'aikacin yana kan kujera da kakinsa, jandarma guda a tsaye bayansa. Jama'a ta cika, har da direbobi da 'yan kamasho da suka biyo motar daga Malanville. Dattawa suka yi maganar taki da ta shanun da ke shiga gonaki. Sa'idu yana zaune a tsakiya, idonsa a kan hular Idrisu, yana sakin numfashi a hankali.

Idrisu bai taɓa hularsa ba. Miƙewa ya yi.

Ya yi sallama, ya gaida baƙo, sannan ya ce akwai maganar da ta fi taki, ita ce ta mashigin rafi. Sa'idu ya ɗauka shimfiɗa yake masa, har ya gyara zama zai tashi. Sai ya ji dutse da yashi daga ƙauye, siminti da magini daga hukuma. Ya ji kalmominsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a jeren da ya jera su, har inda yakan tsaya ya ja numfashi nan Idrisu yake tsayawa. Sai dai a bakin Idrisu gudu suke kamar ruwa a kwari.

Sannan ya zo kan Safi. Ya faɗi zazzaɓin, da yinin da aka yi ana jira, da ruwa har ƙirji. Ya cire hularsa ya goge ido da ita. Daga bayan zana aka ji wata mace ta fashe da kuka.

"Ɗiyarmu ce," in ji Idrisu. "Ga ubanta nan zamne. Allah bai ba shi baki ba, ni ne bakinshi tun muna yara. Abin da ba shi iya hwaɗi, shi na hwaɗa maku."

Wuri ya ɗauki tafi. Wasu suka soma kiran sunansa, suna cewa ga wakili an samu. Babban ma'aikacin yana gyaɗa kai.

Sa'idu bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya tsinci kansa a tsaye, idanun jama'a duk a kansa, kuma duk abin da ya shirya an riga an faɗa. Ya buɗe baki. Kalmar ta maƙale kamar yadda ta saba.

Daga can baya wani direba ya ɗaga murya. "Ku kawo mishi jakin nan! Sai gabanshi shika iyawa!"

Dariya ta tashi. Wani ɗan kamasho ya ja murya kamar mai shirin waƙa, ya ce, "Kaaa-kamarad jaki, ina kwana!" Dariyar ta ƙaru, har jandarman ya rufe baki da hannu. Ba mutum biyu ko uku ba ne suke dariyar, kuma ba dariyar wanda ya ji sabon abu ba ce. Sun san labarin. Sun san har yadda yake jan muryar, abin da bai taɓa nuna wa kowa ba sai mutum ɗaya tak.

Ya juya ya dubi Idrisu. Idrisu ya ɗaga hannu yana cewa ku bari, ku bari, amma bai yarda sun haɗa ido ba.

Sa'idu ya ji kamar ya zauna.  Sai ya saki numfashi, ya jira dariyar ta lafa, ya ja kalmar farko a gaban mutanen da suka gama kwaikwayonsa yanzun nan.

"Suuu-sunanta Safi," in ji shi. "Ɗiyata ce. Ni na ɗauke ta. Ni na ra-ratsa ruwa da ita." Ya tsaya, wuyansa ya kumbura, ba wanda ya ƙarasa masa. "Ban aiki kowa shi yi mani kuka ba. Ina da baki. Gada, a yi ta. Ra-ranar da za a hwara, ni za ni kawo dutsen hwarko."

Ya zauna.  Babban ma'aikacin ya ce ya ji, ya gode, sannan ya ce a ɗaga hannu. Idrisu aka zaɓa.

A hanyar gona Idrisu ya cim masa, yana haki.

"Taubashi, tsaya mana. Ka yi ƙoƙari wallahi, kowa ya ji ka."

Sa'idu bai tsaya ba.

"Tsoro na ji ka maƙale, maganar ta lalace gaban baƙo. Ka san irinsu ba su jira. Don gadar na yi. Don Safi na yi."

Nan Sa'idu ya tsaya. "Jakin hwa? Shi ma don Safi?"

Idrisu ya yi 'yar dariya, ya shafa ƙeya. "Haba, wanga ai wasan taubasai ne. Tun kakanni haka aka yi. In ban yi maka tsiya ba wa zai yi?"

"A gabana aka wasan taubasai. Tun yaushe ka hwara ba su labarina?"

Idrisu ya dubi ƙasa, ya ce bai riƙe ba.

Ranar kasuwa ta gaba Sa'idu ya samu amsar. Ya je rumfar Issaka mai shayi, inda Idrisu yake zama, rumfar da shi bai taɓa shiga ba. Da ya yi sallama hirar ta yanke, waɗanda ke kan benci suka soma zamewa ɗaya-ɗaya. Issaka dattijo ne mai kunya. Ya zuba masa shayi bai tambaye shi ba, ya zauna kusa da shi.

"Tun bara ne, malam," in ji shi. "Da ya zo da sahe sai a ce mishi, mutuminka ina ya kai? Shi miƙe shi kwatanta. Ta mahauci ma ya yi, da ta matar Kwatano. Ni ma na yi dariya, ba ni yi maka ƙarya. Ban san da alkawali tsakaninku ba, kuma ban san dalilin da ya sa ka hwara ba sai ran taron nan. Ka gahwarce ni."

Sa'idu ya riƙe kofin har shayin ya huce. Yana tuna duk ranar da Idrisu ya tare shi a hanya ya ce mako mai zuwa yana son labari, da yadda shi kuma yakan koma gida yana masa addu'a. Ya ajiye kofin, ya ce wa Issaka ba komai, ya fita.

Da rani aka yi gadar. Sa'idu ya kai dutsen farko kamar yadda ya ce, ya kuma yi aikin har ƙarshe, ba ya magana da kowa sai abin da ya zama dole. Ranar buɗewa Idrisu ne ya tsaya kusa da manyan baƙi da sabuwar babbar riga, kuma tun daga ranar mutane suka riƙa ce mata gadar Idrisu. Sa'idu ya ci gaba da sayar da albasarsa da kansa. I'inar ba ta rabu da shi ba, amma ta daina hana shi abin da yake so ya faɗa. In Hadijatu ta tambaye shi ko akwai wani abin da ya sa a gaba yanzu, sai ya ce akwai, amma ba ya faɗin ko mene ne. Ita ma ba ta matsa masa, ta san abin da Idrisu ya yi masa ne ya jawo, ba ita ba.

Gab da azumi kawunsa, mahaifin Idrisu, ya aika a kira shi. Tsohon ya tsufa ƙwarai, yana kishingiɗe a kan tabarma a zaure, Idrisu a gefensa.

"Sa'idu, uwarka ƙanwata ce," in ji shi. "Ba ni so in tahi in bar ku haka. Ya yi kuskure, na yi mishi hwaɗa. Ba shi hannu."

Sa'idu ya durƙusa ya ce, "To, Kawu." Ya miƙa hannu, Idrisu ya kama da hannu biyu, fuskarsa ta washe.

"Alhamdulillahi," in ji Idrisu. "Ka gani, Baba, bawan nan nawa yanzu ya hi ni baki, ko ni tsoronshi nika..."

"Kawu," Sa'idu ya katse shi, bai ɗaga murya ba. "Ha-hannu ka ce, na ba shi. In ya yi suna zan zo, in an yi rasuwa zan zo. Wasa kam ya ƙare tsakaninmu."

Tsohon ya dube shi ya ce Allah shi kyauta. Idrisu ya saki hannun.

Da ya koma gida Hadijatu tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta ce, "Baban Safi, yaya kunka ƙare?"

"An shirya mu," in ji shi. Ya cire hula ya rataye, ya ce ta miƙo masa buta, la'asar ta yi.